Gajeriyar Hanya Ta Bisa Kan Duniya

Can ƙarshen arewacin duniya, inda ƙanƙara ke rufe teku yawancin shekara, akwai waɗansu ƙananan garuruwa biyu, kowanne da filin jirgin samansa. Ɗaya sunansa Utqiagvik, yana bakin teku a arewacin Alaska, cikin ƙasar Amurka. A da Barrow a ke kiransa, sai a shekarar 2016 mutanen garin suka jefa ƙuri'a, suka komo da sunan da kakanninsu suka san wurin da shi. Ɗayan kuwa sunansa Longyearbyen, yana cikin tsibiran Svalbard, waɗanda ke ƙarƙashin mulkin Norwe. Abin da mu ke so mu sani shi ne nisan da ke tsakanin filayen nan biyu, in jirgin sama zai tashi daga wannan ya sauka a wancan. Tambayar kamar mai sauƙi, amma ta sha ruɗa manya, balle yara.

Kafin mu yi awo, ya kamata mu san garuruwan tukuna. Mutanen Utqiagvik sun kusa 5,000, yawancinsu kabilar Inupiyat ne, waɗanda tun kaka da kakanni su ke farautar wata babbar dabbar teku mai kama da kifi, wadda ta fi giwa girma nesa. Babu titin mota da ya haɗa garin da sauran garuruwan Alaska. Jirgin ruwa mai ɗauko kaya kuwa ba ya iya zuwa sai lokacin da ƙanƙarar teku ta saki, ɗan lokaci kaɗan cikin shekara. Saboda haka abinci, da magani, da wasiƙu, duk ta sama su ke zuwa. In wani ya yi ciwon da ya fi ƙarfin asibitin garin, ta sama za a fitar da shi. An sa wa filin jirginsu sunayen mutum biyu, Wiley Post da Will Rogers, waɗanda jirginsu ya faɗi kusa da garin a shekarar 1935, suka mutu. Shi Wiley Post shi ne mutum na farko da ya kewaye duniya cikin jirgin sama shi kaɗai, a shekarar 1933.

Longyearbyen bai kai Utqiagvik yawan jama'a ba, mutanensa kimanin 2,500 ne. Wani Ba'amurke mai suna John Longyear ya kafa shi a shekarar 1906 don haƙar kwal, daga sunansa kuma garin ya sami suna. An buɗe filin jirginsa a shekarar 1975. Cikin dukan filayen da jiragen fasinja ke zuwa a kan tsari, inda kowa ke iya sayen tikiti ya shiga, babu wanda ya kai shi matsawa arewa. A garuruwan nan biyu ƙasa a daskare ta ke har can ciki, rani da damina, sai ɗan samanta kaɗai ke narkewa. Don haka a kan turaku su ke gina gidajensu, kamar yadda mu ke ɗora rumbu bisa duwatsu. Mu don gudun gara da laima mu ke yi, su kuwa don kada ɗumin ɗaki ya narkar da ƙasa, gida ya nutse.

Akwai wani abin mamaki kuma. A Utqiagvik in rana ta faɗi wajen 18 ga Nuwamba, ba a sake ganinta sai wajen 23 ga Janairu. A Longyearbyen abin ya fi haka, tun daga ƙarshen Oktoba har tsakiyar Fabrairu babu rana. Cikin wannan dogon duhu jirage ba su fasa sauka ba, da hasken fitilun filin su ke aiki, ko da tsakar rana ce bisa ga agogo. In shekara ta juyo kuma sai rana ta ƙi faɗuwa, wata da watanni tana kewaya sama.

To, yanzu sai awo. Ran nan na shiga wani aji a wata makaranta, na tarar da taswirar duniya rataye a bango, irin shimfiɗaɗɗiyar nan da kuka sani. Na nuna wa yara Alaska can kusurwar hagu ta sama, na nuna musu Svalbard wajen tsakiya, na ce su auna mini tsakani. Wani yaro mai ƙwazo ya ɗauko rula, ya auna, ya duba ma'aunin da ke gindin taswirar, ya yi lissafi a allo, ya ce nisan ya kai kilomita 19,000. Ban ga kuskure ko ɗaya cikin lissafinsa ba, amma amsar ta ninka gaskiya fiye da sau biyar. Laifin ba na yaron ba ne, na taswirar ne.

Ga dalili. Duniya a dunƙule ta ke kamar lemo, takarda kuwa a shimfiɗe ta ke. Ku ɓare lemo, ku gwada shimfiɗa ɓawon a kan tebur ya kwanta sumul, za ku ga ba ya yiwuwa sai ya yage. Masu zana taswira ba su son a ga yagewa, sai su ja wajen sama da wajen ƙasa, su buɗa su, har faɗinsu ya yi daidai da na tsakiya. Ƙasashen tsakiyar duniya irin tamu ba su cutuwa da wannan ja sai kaɗan. Amma ƙasashen da ke can arewa sai su kumbura, wuraren da ke kusa da juna su zama kamar gabas da yamma.

Don ku gane sosai, ku dubi jinkar ɗaki tun ba a baibaye ta ba. Akwai itatuwan da ke tsaye, sun taso daga bakin bango ta kowane gefe, sun haɗu a ƙololuwa. Akwai kuma tanka da aka ɗaure a kewaye, ta ƙasa babba, ta bisanta ba ta kai ta ba, haka har ta ƙarshe wadda ba ta fi bakin tulu ba. Haka masana suka zana wa duniya layuka iri biyu. Na tsaye sun taso daga kudu sun haɗu a wuri guda a arewa, nan ne mu ke kira Ƙololuwar Arewa. Na kwance kuwa sun kewaye duniya kamar tanka, mafi girmansu shi ne Ikwaita, wanda ya ɗaure duniya a tsakiya kamar ɗamara. Tazarar da ke tsakanin layi da layi ana kiranta digiri.

A wajen Ikwaita, tsakanin layin tsaye ɗaya da na kusa da shi kilomita 111 ne. A Kano ya ragu kaɗan, ya koma kimanin 109. Amma a Utqiagvik bai fi 36 ba, a Longyearbyen kuwa 23 ne kacal, gama itatuwan jinkar sun kusa haɗuwa. Tsakanin garuruwan nan biyu akwai layukan tsaye 172. Abin da taswirar bango ta yi wa yaron nan shi ne ta nuna masa kowace tazara da faɗinta na Ikwaita, shi kuwa ya gaskata ta.

Yanzu ku ɗauka ga ƙadangare biyu a kan jinkar nan, kusa da ƙololuwa, ɗaya ta gabas, ɗaya ta yamma. In na gabas yana son ya isa wurin ɗan'uwansa, yana iya bin tanka ya kewaya. Amma in yana da wayo, sai ya hau ƙololuwa ya gangara ta ɗaya gefen. Haka garuruwan nan su ke. Layukan tsaye na duniya duka 360 ne, rabinsu 180. Da a ce tsakaninsu 180 ne cif, da Ƙololuwar Arewa tana kan hanyar daidai. Da ya ke 172 ne, hanyar takan goge ta gefen Ƙololuwa kaɗan, ta wajen Girinlan da Kanada. In kuna da taswira irin mai kamar ƙwallo a makarantarku, ku sami zare, ku danne bakinsa a kan Utqiagvik, ku ja shi ya miƙe sosai har Svalbard. Inda zaren ya kwanta, nan ne hanya mafi gajarta. A ganina ajin da ke da ƙwallon duniya guda ɗaya da ɗan zare ya fi ajin da ke da taswirar bango uku.

Lissafin ba shi da wuya, kowane ɗan aji biyar yana iyawa. Layukan kwance ba kamar na tsaye su ke ba, tazararsu ba ta raguwa, kullum kimanin kilomita 111 ce. Daga Ikwaita zuwa Ƙololuwa digiri 90 ne. Longyearbyen yana kan digiri 78 da kwata, watau saura 11 da kwata uku ya kai Ƙololuwa. In kun ninka wannan da 111, za ku sami kilomita 1,304. Utqiagvik yana kan digiri 71 da kwata, saura 18 da kwata uku ke nan, in an ninka ya zama kilomita 2,081. Ku haɗa biyun, ku sami 3,385. Miƙaƙƙiyar hanyar ta gaza wannan da 'yan kilomita kaɗan, tun da ba sai ta taka Ƙololuwa ba. Saboda haka muna iya cewa nisan kusan kilomita 3,400 ne, watau mil 2,100.

Ko kun san wata tafiya mai irin wannan nisa? Ku tambayi wanda ya je aikin Hajji ta filin jirgin Kano. Daga Kano zuwa Jidda ta sama kimanin kilomita 3,400 ne shi ma, jirgi kan yi shi cikin awa huɗu da 'yan kai. Amma ku duba taswirar bango ku gani. Tsakanin Kano da Jidda layukan tsaye 31 ne kawai, tsakanin waɗancan garuruwa kuwa 172, ga shi nisan ɗaya ne.

Wanda ya bi hanyar nan zai ga abubuwan da za su ɗaure masa kai. Na farko, in ya tashi daga Longyearbyen arewa zai fuskanta. Yana tafe bai karkata dama ko hagu ba, da ya wuce gefen Ƙololuwa sai ya tarar kudu ya ke fuskanta, kamar ƙadangaren nan da ya gama hawa ya soma gangara. Na biyu, agogo. Agogon Utqiagvik yana bayan na Longyearbyen da awa 10. In jirgi ya tashi ƙarfe 12 na rana, ya yi awa huɗu da rabi a sama, agogon matuƙin zai nuna ƙarfe 4 da rabi na yamma, amma mutanen Utqiagvik a wurinsu ƙarfe 6 da rabi ne na safiyar wannan rana, ko kumallo ba su karya ba. Longyearbyen kuwa kusan layin tsaye ɗaya ya ke da birnin Njamena na Chadi, shi ya sa da hunturu agogonsu da namu na Nijeriya ke tafiya daidai.

Na uku shi ne mai hatsari. Kamfas, ɗan abin nan mai allura da matafiya ke sanin arewa da shi, ba ya aiki sosai a can. Allurarsa ba Ƙololuwar Arewa ta ke nunawa ba, wani wuri ne dabam inda maganaɗisun duniya ya tattaru. Wurin nan ma ba a tsaye ya ke ba. A shekarar 1831 wani Bature mai suna James Clark Ross ya same shi a arewacin Kanada, amma tun daga nan ya yi ta gusawa, har ya shiga teku ya nufi wajen Rasha. In jirgi ya kusance shi, sai allura ta riƙa yawo kamar ta rasa gida. Matuƙan yanzu suna da na'urori masu karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam, su gaya musu inda su ke. Na da ba su da wannan, sai rana da lissafi.

An taɓa yin tafiyar nan kuwa? An yi. A watan Mayu na shekarar 1926 Roald Amundsen, mutumin Norwe, da abokansa suka tashi daga Svalbard cikin wani dogon jirgi mai kamar balan-balan, sunansa Norge. Suka ratsa ta bisa Ƙololuwar Arewa, suka sauka a wani ƙauye na Alaska wai shi Teller, bayan kwana uku a sama. Amma waɗanda suka fara haɗa wuraren nan biyu da jirgi mai fukafukai su ne Hubert Wilkins, mutumin Ostareliya, da Carl Ben Eielson, Ba'amurke.

A lokacin babu filin jirgi a Barrow. Mutanen garin ne suka taru da shebur, suka share musu hanya cikin dusar ƙanƙara. Jirgin ƙarami ne, injinsa ɗaya, maimakon tayoyi kuma waɗansu dogayen katakai ne masu sulɓi aka ɗaura masa. Sun cika shi da mai har ya yi nauyi, suka yi ta gwadawa ya ƙi tashi. Sai ran 15 ga Afrilu, 1928, ya ɗaga. Eielson na gaba yana tuƙi, Wilkins na baya yana auna tsayin rana, yana lissafi, yana rubuta inda za a nufa a 'yar takarda yana miƙa masa, don ƙarar inji ba ta barin a ji magana. Ba yawon banza su ke yi ba. A zamanin nan waɗansu masana suna zaton akwai wata babbar ƙasa ɓoye cikin tekun nan, wadda ba a taɓa gani ba, ita suka je dubawa.

Suka yi ta tafiya bisa farar ƙanƙara, babu gari, babu itace, babu mai cetonsu in inji ya tsaya. Suka wuce ta arewacin Kanada, suka wuce ta arewacin Girinlan. Da suka kusa Svalbard sai guguwar ƙanƙara ta taso, ga mai ya kusa ƙarewa. Da ƙyar suka hangi wani ɗan fili a bakin teku, Eielson ya sauke jirgin lafiya, bayan awa 20 da rabi a sama. Nan guguwa ta tsare su kwana biyar, suna kwance cikin jirgi.

Da gari ya washe suka tashi tafiya, sai wata wahala ta ɓullo. Katakan ƙafafun jirgin sun manne da ƙanƙara, ba ya motsi sai an tura. Wilkins ya sauka ya tura, jirgi ya zabura, kafin ya hau ya tashi ya bar shi tsaye. Eielson ya duba bai gan shi ba, ya kewayo ya sauka. Suka ɗaura igiya, ya sake turawa, ya kama igiyar har da haƙoransa, ya suɓuce ya faɗi. Ku tuna kowane gwaji mai ya ke ci, man kuwa saura kaɗan. A karo na uku sai ya sa ƙafa ɗaya cikin jirgi, ya ɗauki wani itace da teku ta kawo gaɓa, ya dogara shi a ƙasa, ya tunkuɗa kamar mai tuƙa kwalekwale da gora. Jirgi ya motsa, ya faɗa ciki. Ba su daɗe da tashi ba suka hango dogayen ƙarafan gidan waya na Green Harbour, yamma da Longyearbyen kaɗan. Ashe duk kwanakin nan kusa da mutane su ke, ba su sani ba.

Daga nan Wilkins ya buga waya Amurka, cikin saƙon ya ce ba su ga yanyawa ba. Zaurance ne da suka shirya tun kafin ya tashi, ma'anarsa babu wata sabuwar ƙasa a hanyar da suka bi. Sarkin Ingila, George na Biyar, ya ba shi lambar girma a wannan shekara. Eielson kuwa bai yi tsawon rai ba. A ƙarshen shekarar 1929 jirginsa ya faɗi a arewacin Rasha, sa'ad da ya tafi taimakon mutanen wani jirgin ruwa da ƙanƙara ta tsare.

Kuna tsammani tun da an sami hanya, yanzu jirage suna ta kai da kawowa tsakanin garuruwan nan? Ko kusa. Babu jirgin fasinja ko ɗaya da ke tashi daga Utqiagvik ya sauka Longyearbyen. Jirgin haya ba gajartar hanya kaɗai ya ke dubawa ba, yana duba masu shiga. Mutanen Utqiagvik hulɗarsu da biranen Alaska ce, na Longyearbyen kuwa da biranen Norwe, kowa ya ba Ƙololuwa baya yana duban kudu. Wanda duk ya matsa sai ya je, to, sai ya yi kewaye. Ga ɗaya daga cikin hanyoyin da zai iya bi. Ya tashi daga Utqiagvik zuwa Anchorage, kusan kilomita 1,200. Daga nan zuwa Seattle, 2,300. Sa'an nan ya ƙetare zuwa tsibirin Aislan, 5,800. Daga Aislan zuwa Oslo, babban birnin Norwe, kusan 1,800. Daga Oslo kuma ya sake nufar arewa, kilomita 2,000, tafiyar awa uku. In kun tara za ku ga ya haura kilomita 13,000, kusan ninki huɗu na miƙaƙƙiyar hanya. In an haɗa da zaman jira a filaye, ba mamaki ya fi Wilkins da Eielson daɗewa kafin ya isa.

Duk da haka sararin saman nan ba a wofi ya ke ba. Tun a shekarar 1957 jiragen kamfanin SAS suka fara bi ta yankin Ƙololuwa daga Kopenhagen zuwa Tokyo, suna yada zango a Anchorage. Yau manyan jirage masu tashi daga Dubai zuwa yammacin Amurka sukan bi ta can, ɗauke da ɗaruruwan mutane, yawancinsu suna barci ba su san ƙanƙara ce a ƙarƙashinsu ba. Kafin irin wannan jirgi ya tashi, dole matuƙinsa ya san filin da zai nufa in inji ya sami matsala, ko wani fasinja ya kamu da ciwo mai tsanani. A wannan yanki filayen da za su iya karɓar babban jirgi 'yan kaɗan ne ƙwarai, Utqiagvik da Longyearbyen suna cikinsu. Saboda haka a kowane lokaci matuƙi yana lura da kilomita nawa ne zuwa na gabansa, nawa ne kuma zuwa na bayansa. In ya kai tsakiyar hanyar nan da muka auna, ko ya ci gaba ko ya juya, kusan kilomita 1,700 ne ke jiransa, tafiyar awa biyu ke nan bisa ƙanƙara kafin ya ga fitilun fili.